Karsiman, Mai Tsayuwa a Bayan Salansa

Idan ka shigo lungunmu da sassafe ka ga wani ƙato ya durƙusa a bayan mota, ya karkata kai, ya buɗe hanci kamar akuyar da ta jiyo ƙamshin dusa, kada ka ruga kiran jama'a. Lafiyarsa ƙalau. Ɗan kawuna ne, Karsiman, kuma aiki yake yi.

Wanda za ka hango a gaba riƙe da makulli yana hamma, ni ne, Tukijo. Aikin na mutum biyu ne. Hayaƙin farko da tsohuwar mota ke fitarwa idan an tayar da ita ba ya jiran kowa, kafin ka fito daga gaba ka zagayo ya watse. Dole wani ya murɗa, wani ya duba. Ni na murɗa, shi ya duba, haka muke tun muna da gashi a ka.

Motar ta mahaifinsa ce, Kawu Darmo, Allah ya jiƙansa. Ya saye ta tun kafin duwatsun Sindoro da Sumbing su gama tsawo. Da ita ya yi ta jigilar mata da kwandunan kabeji da ganyen taba zuwa kasuwar Parakan. Tsohuwa muke ce mata. Kawu mutum ne mai kishin sitiyari, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kai ba. Kullum da safe, kamar kowane mai mota a garinmu, sai ya ɗumama ta kafin ya fita, ya tsayar da Karsiman a baya yana faɗa masa launin hayaƙi. Sau ɗaya tak ya ba shi tuƙi. Karsiman ya saki kuloci, Tsohuwa ta yi tsalle ta faɗa kejin agwagin maƙwabta. Har yau akwai agwagi a unguwarmu da ba sa yarda su haɗa ido da shi. Daga ranar Kawu ya mayar da shi baya, a bayan kuma ya girma.

Aski ne sana'arsa. Yana da kujera da madubi a gindin tsamiyar bakin tasha, kuma rabin masu zama kujerar ba don aski suke zuwa ba. Direba zai zo ya ce a rage masa saje, alhali ya ajiye akori-kurarsa daidai inda Karsiman zai ga bayanta. Da kwandasta ya tayar, Karsiman ba ya ma ɗaga aska.

"Shuɗi ne, kuma bai tsaya ba," zai ce. "Ka taka totur ya ƙaru. Ringi ne, ɗan'uwa, tana shan baƙin mai kamar shayi. Daina motsi kada in yanke maka kunne."

Ni da na ajiye biro tun a ƙaramar sakandare, sai da karatun nan ya shiga kaina don yawan ji. Shuɗin da ya fito sau ɗaya ya ɓace, robobin kan bawul ne suka bushe, mai ya ɗiga cikin inji da dare. Baƙi, fetur ya yi yawa, a duba kafireto. Fari siriri mai watsewa nan take, raɓa ce kawai, a bar ta. Amma fari mai kauri da ke tsayawa kamar bango, yana ƙamshin zaƙi-zaƙi, to a leƙa lagireto. Idan ruwa ya ragu, gaskit ya ƙone, sai a fara salati. Na rantse na taɓa ganin Karsiman ya shaƙi hayaƙin wata bas ya faɗa wa direban cewa matarsa na fushi da shi. Kuma tana yi.

Da Kawu ya rasu, Tsohuwa ta zauna a rumfar gaban gida. Karsiman bai bar ta ta lalace ba, a'a. Yana wanke ta, yana busa tayoyi, yana sauya mata mai, yana zuba man birki. Mukan tura ta gaba kaɗan mu dawo da ita baya don kada tayoyin su kwanta gefe guda. Kullum bayan sallar asuba a ɗumama ta, ya karanta hayaƙi, ya ce "Kashe," in kashe. Shekara da shekaru. Mutanen lungu suna cewa tsabar so ne ya hana shi fita da ita, kada ƙura ta taɓa ta. Mu 'yan gida mun san zancen, mun kama bakinmu.

Sai dai hayaƙin ya yi ta ƙaruwa. Wata safiya ya cika lungun har matan unguwa suka buɗe tagogi da ƙofofi suna ihu, "Masu feshin sauro sun zo! A rufe abinci!" Wata dattijuwa har da leƙowa tana roƙon a shiga bayan ɗakinta a fesa. Sauro kuwa ya mutu, ban ƙara ko ɗaya ba.

Wanda bai yi dariya ba shi ne Pak Wiryo, mai unguwarmu, wanda katangarsa ke manne da rumfar. Pak muke ce wa kowane dattijo. Shi tsohon direban bas ne, ya ajiye aiki ya koma bautar kurciya. Yana da guda ɗaya mai suna Guntur da yake kaiwa gasar kuka. Kullum da safe sai ya ja kejinta da igiya zuwa kan doguwar gora kamar tuta, ya zauna a ƙasa yana kaɗa mata yatsa. Idan ta yi kuka ya lumshe ido kamar an sa masa zuma a kunne. To lokacin da ake ɗaga Guntur shi ne daidai lokacin da muke tayar da Tsohuwa, hayaƙin kuma sama yake tafiya.

Ranar wata Laraba ya shigo rumfar da kejin a hannu.

"Karsiman, saurara."

Kurciyar ta buɗe baki ta yi wani sauti kamar ana jan ƙofar kwano.

"Wataƙila mura ce, Pak," in ji Karsiman.

"Murar gidanku! Tsuntsuwar da alƙalai ke tashi tsaye idan ta fara, yanzu ko kaza ba za ta amsa mata ba. Na yi haƙuri don darajar mahaifinka. Ranar Litinin da safe zan tsaya a nan da ƙafata. A tayar da ita a gabana. Idan na ga hayaƙi, motar nan ta bar lungun nan. Jama'a duk sun yarda."

Ina za ta? Ba fili, ba gareji. Barin lungu yana nufin 'yan gwangwan su zo da guduma su raba ta gida-gida. Karsiman ya dubi motar, ya dubi kurciyar.

"Kang," na ce masa bayan mai unguwa ya fita, don haka muke kiran wanda ya girme mu, "ni ina da shawara. Mu soya tsuntsuwar."

Ya jefe ni da tsumma.

Daga nan aka shiga yaƙi! Ya rufe wurin aski, ya bar mutanen Parakan da gemu har ƙirji. Ya buɗe kan inji ya sauya robobin bawul. Washegari na murɗa, ya daka tsalle. "Shuɗin ya tafi, Jo! Ya tafi!" Muka rungume juna kamar an haifa mana 'yan biyu. Sai baƙi ya biyo baya. Ya kwance kafireto ya wanke shi da burushin haƙoran matarsa, Warsiti, wadda ba ta gano ba sai da bakinta ya yi kwana yana warin fetur. Ya goge fulogai har suna ɗaukar ido. Baƙin ma ya ja da baya.

Ranar Asabar muka fito da ƙarfin gwiwa. Warsiti ta tsaya a bakin ƙofa da farantin soyayyar awara, wai na murna.

"Murɗa!"

Na murɗa. Tsohuwa ta yi tari, ta kama. Na leƙa madubi ban ga Karsiman ba. Ban ga gidan ba. Wani hayaƙi ne toka-toka, mai kauri, mai wari kamar an jiƙa tsohon bargo an ɗora a wuta.

"Kashe! Kashe!"

Ya fito daga ciki yana hawaye. Ya buɗe lagireto: ruwa cike, ko ɗigo bai ragu ba. Ya zaro sandar mai: mai tas, ba kumfa. Ya dangwali abin da ke ɗiga daga bakin salansa ya ɗanɗana.

"Kai, Kang! Ga awara ka tsaya lasar gindin mota?"

"Ba zaƙi. Ba gaskit ba ne." Ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashinta. Muka ji ya ƙwanƙwasa tukunyar salansa, sannan ya girgiza ta. Har daga inda nake na ji: culum, culum.

Ya fito a hankali ya zauna a kan dutse.

"Injin lafiyarsa ƙalau yanzu," ya ce. "Ciwon a bututu yake. Kullum muna tayar da ita mu kashe kafin bututun ya yi zafi. Ruwan da inji ke fitarwa ba ya ƙonewa, sai ya kwanta a tukunya. Man da ya yi ta ɗiga tun bara yana ciki, ga kunkunniya. Miya ce ta taru, Jo. Da an kunna sai ta fara dahuwa, kafin ta ƙone mun kashe."

"Wato ɗumamawar ce ta jawo?" na ce.

"Baba yana ɗumamawa ya fita. Mu muna ɗumamawa mu koma shan kofi."

"To a kwance bututun a zubar mana," in ji Warsiti.

"Tsatsa ta haɗe kusoshin. In na taɓa su zai karye, kuma irinsa sai an aika birnin Semarang. Magani ɗaya ne. A hau da ita tudu, a ba ta wuta sosai har bututun ya yi zafi ya ƙone abin da ke ciki."

Warsiti ta ajiye farantin.

"To sai ka hau ka kai ta, mijina, sarkin direbobi."

"Warsiti."

"Ko Tukijo ya kai ta."

"Yu," na ce mata, don haka muke kiran matar yaya, "ni iyakata makulli. Babur na iya. Ƙafa uku motar nan take so, ni biyu gare ni."

"A kira direban tasha," in ji ta.

"Giyarta a jikin sitiyari take," in ji Karsiman. "Yaran yanzu ba su taɓa ganin irinta ba, za su karya mata hannu. Kuma kafin azahar duk tasha ta ji cewa ni..."

Warsiti ta ɗauki farantin ta ɗora masa a cinya. Ta nuna katanga da haɓa.

"Mutum ɗaya ne a lungun nan ya tuƙa irinta. Tashi."

Ban taɓa ganin tafiya mai tsawo kamar wadda Karsiman ya yi daga rumfarsa zuwa ƙofar da ke manne da ita ba. Na bi shi don kada abin ya wuce ni. Muka sami Pak Wiryo yana ɗura wa Guntur ruwan citta da ɗan cokali.

"In roƙo ka zo, Litinin tana nan yadda take."

"Ba roƙon rana ba ne, Pak. So nake ka tuƙa ta zuwa tudun Kledung gobe."

"Ni? In tuƙa abin da ya shaƙe mini tsuntsuwa? Hannunka ya karye ne?"

Karsiman ya dubi awarar kamar ita za ta amsa masa. "Ban iya ba, Pak."

"Ba ka iya me ba?"

"Tuƙi."

Cokalin ya tsaya a iska. Pak Wiryo ya dube shi, ya dube ni. Ni kuwa na gyaɗa kai da ƙarfi, har da ƙarin bayani a kan agwagi.

"Kai da direbobi ke layi a gabanka? Duk shekarun nan?" Ya fara dariya, dariyar ta zama tari, sai da na buga masa baya. Da ya dawo hayyacinsa ya share ido ya ce, "Ba zan je ba."

Amma ya ci awarar. Yana ci yana leƙen rumfar ta saman katanga.

"Giyar hannu ce ko ta ƙasa?"

"Ta jikin sitiyari, Pak."

"Hm. Irin wadda na koya da ita." Ya ɗauki wata awarar. "Birki fa?"

"Kamar sabo."

"Ba don kai ba. Don in tabbatar wa jama'a cewa na ba ta dama."

Ranar Lahadi da hantsi ya fito sanye da tsohuwar rigarsa ta kamfanin bas, maɓallan ciki suna neman agaji, da tawul a wuya. Fitar da motar kanta biki ne, don tun rasuwar Kawu kowa ya ɗan ci lungun: wannan ya fito da baranda, wancan tukwanen fure. Aka kwashe tukwane, aka ɗaga rumfar mai soya ayaba da ita da kaskonta, aka naɗe igiyoyin shanya. Tsohuwa ta fito titi tana ƙifta fitilu kamar wadda aka sako daga kurkuku.

Warsiti ta shige gaba ta harɗe. Karsiman ya ƙi shiga. "Daga ciki ba na ganin komai," ya ce. Ya haye bayan babur ɗina. "Bi ta, Jo. Kusa-kusa. Hancina a bututu."

Jama'a, na sha hayaƙi a rayuwata, amma na ranar nan da ana sayar da shi da na buɗe shago. Muna fita gari Pak Wiryo ya taka. Tsohuwa ta yi gurnani ta turo mana gajimare. Ba na ganin titi, fitilar bayanta kawai nake bi.

"Toka-toka!" Karsiman ke ihu a kunnena. "Ruwa ne ke tafasa! Matsa kusa!"

"In na ƙara matsawa sai dai in shiga but!"

Muka fara hawa tsakanin gonakin taba. Salansa ta soma tofi. Wani baƙin ruwa mai ɗumi ya fesa mini a fuska, ya bi wuya ya gangara cikin riga.

"Alhamdu lillahi!" in ji Karsiman. "Tana amayarwa!"

"A kaina take amayarwa, Kang!"

"Buɗe baki ka faɗa mini, da zaƙi?"

"Allah ya isa!"

Pak Wiryo ya fito da kai ta taga. "Yaya?"

"Ƙara wuta, Pak! Kada ka sauya giya! Bar ta ta yi kuka!"

"Kai za ka koya mini hawan Kledung? Na hau shi da bas cike da awaki kana cikin zani!"

Ya ƙara. Injin ya ɗauki wata murya da rabona da jin ta tun Kawu na da rai. Sai ga wari ya sauya, ya koma na mai da ke ƙonewa, hayaƙin ya yi shuɗi-shuɗi. Karsiman ya miƙe tsaye a kan babur yana riƙe da kunnuwana kamar linzami.

"Tsohon man ne! Ya kama! Ya kama, Jo!"

A wata doguwar kwana Tsohuwa ta yi wata irin ƙara, fam! Wani dunƙulen kunkunniya ya fito kamar ƙwallo ya fashe a ƙirjina. Manoma suka watsar da fartanya suka kwanta. Wani mai babur da ke bayanmu ya juya ya koma gida. Na ɗauka injin ya tarwatse, na fara tunanin wanda zai tura mota daga nan zuwa Parakan.

Sai na ga titi. Na ga lambar motar. Na ga ƙeyar Warsiti ta gilashin baya.

Karsiman ya sake kunnuwana. Ya sunkuya ta kafaɗata yana leƙen bututun. Iska ce kawai ke rawa a bakinsa don zafi.

"Babu," ya ce a hankali. Sannan ya kware baki har sai da dutsen ya amsa, "Babu komai, Pak! Babu!"

Pak Wiryo bai tsaya ba. Ya danna ham, ya wuce Kledung, ya wuce inda muka shirya juyawa, ya gangara ɗaya gefen. Sai da man babur ɗina ya kusa ƙarewa muka same shi a gaban wata rumfar shayi yana shafa sitiyari. Mai shayin ta dube ni da Karsiman ta tambaya ko daga gobara muke.

Amma gwajin na safiya ne, da inji mai sanyi, kuma kowa ya sani. Litinin bayan asuba lungun ya cika, har da masu goyo. Pak Wiryo ya zo ya tsaya a bayan motar, kafaɗa da kafaɗa da Karsiman, ya harɗe hannu a baya, fuskar nan a murtuke kamar ba shi ne jiya ya yi ta waƙa a kan hanya ba. Ni kuma na shiga gaba na kama makulli.

"Murɗa," in ji Karsiman.

Na murɗa. Ta kama a bugu ɗaya. Wani ɗan farin abu siriri ya fito kamar tururin kofi.

"Ga shi nan!" wani ya yi ihu daga baya. "Hayaƙi!"

Karsiman ya dubi mai unguwa. Pak Wiryo ya sunkuya, ya sa tafin hannu a bakin bututun, ya shinshina. Kafin ya miƙe abin ya watse.

"Raɓa ce," ya ce. "Wanda bai san raɓa ba ya koma ya kwanta."

Lungun ya kaure. Warsiti ta rangaɗa guɗa, mai soya ayaba ta buga kasko. Karsiman ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya yana share hanci.

Pak Wiryo ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Mota ta zauna. Amma da sharaɗi. Motar da ba a fita da ita ba a tayar da ita a lungun nan. Kowace Lahadi za ta hau tudu." Ya gyara tawul. "Tunda kuma ba mai kai ta, ni zan daure."

"Allah ya saka, Pak. Za ka sha wahala," in ji Karsiman.

"Ba komai. Ina da 'ya a Wonosobo, can bayan tudun, na daɗe ban ga jikokina ba. Kai, Tukijo, fito mini daga kujera, ka ja ta baya da yawa."

"Yau Litinin ce fa, Pak."

"Na tambaye ka?"